Ƙwai Biyu a Bakin Hanya

An yi wani ƙauye can a arewacin ƙasar Ostareliya, ana ce masa Wunjara. Ɗan ƙaramin wuri ne: gidajen kwano 'yan kaɗan, da famfo, da kanti guda, sai daji iyakar ganin mutum. Mutanen garin baƙaƙe ne, 'yan asalin ƙasar, suna nan tun kafin Turawa su san akwai ƙasa a wancan ɓangaren teku. A bayan gari akwai wani dutse mai rumfa, inda kakannin kakanninsu suka bar shatin tafukan hannuwansu da jar ƙasa.

Na san wani a cikinku ya riga ya fara hamma, wai labarin ya yi nisa da gida. Ni da na ɗauko muku shi daga ƙarshen duniya, ko sannu ba wanda ya ce mini. Ba komai, na saba.

A dajin da ke bayan dutsen akwai dabbobi uku da suka san juna, ba don suna ƙaunar juna ba.

Na farko Dogo, namijin jiminar ƙasar. Jiminar can ba ta kai tamu girma ba, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Dogo ba ya gaisuwa sai an gaishe shi, ko an gaishe shi ma sai ya duba ko mai gaisuwar ya isa. A can namiji ne ke kwanci. Mace ta zuba ƙwai, ta karkaɗe jiki, ta kama gabanta. Shi zai kwanta a kai har su ƙyanƙyashe, shi kuma zai yi reno. Wannan ya sa Dogo yake ganin duk duniya babu uba sai shi.

Ta biyu Shirwa, irin tamu sak, har haɗamar. Sheƙarta na can ƙolin wata doguwar bishiyar turare. Ba a taɓa ji ta ce ta ƙoshi ba.

Na uku Damo, tsoho mai rami a gindin dutse. Gaskiya yake faɗa, amma da baƙar magana yake naɗe ta, shi ya sa ba mai son karɓa.

Sai ciyawa. Ku riƙe wannan da kyau. Masu manyan garkunan shanu, waɗanda suka ƙwace ƙasar daga hannun masu ita, sun ɗauki gamba daga ƙasashenmu suka kai can don dabbobinsu. E, gambarmu ta zana. To can ba mai yankan ta ya yi zana ko jinka, sai ta sami sake, ta fi mutum tsawo, ta cika daji. Yanzu ita ake zagi, alhali ba ita ta ɗora kanta a jirgi ba.

A Wunjara akwai wata tsohuwa, sunanta Nangala. Tana yarinya aka kwashe danginta daga ƙasarsu, aka hana su sa wuta a dajinsu. Sai da ta girma ta dawo. Sa'o'inta duk sun ƙare, samari sun tafi birni neman aiki, ita kaɗai ta rage mai tuna yadda ake yi.

Duk shekara, idan damina ta ɗauke, ciyawa ta fara rawaya amma da sauran lema a gindinta, sai Nangala ta fito da sandarta da ɓawon itace mai ci da wuta. Tana isa bakin daji sai ta tsaya, ta ɗaga murya da harshensu, ta yi wa dajin sallama, ta faɗi ko ita 'yar wane ce, kamar mai shiga gidan manya. Sannan ta dinga ɗiga wuta nan da can.

Wutar 'yar ƙarama ce, ba ta wuce gwiwa. Tafiya take a hankali, har ƙadangare ya wuce ta gabanta bai yi sauri ba. Kafin la'asar ta mutu da kanta. Tsohuwa ta ƙona nan, ta bar can, daji ya koma kamar zanen da aka yi wa faci. Ba a jimawa toho ya fito kore shar a duk inda wutar ta bi.

Idan ta zo sheƙar Dogo, sai ta kewaye ta da ƙuna daga nesa. Sannan ta taɓa shi da sanda ta ce ya ɗan tashi. Ta ɗauki ƙwai biyu, ta bar masa sauran. Haka ta ga uwarta na yi. Ba ta taɓa ƙara na uku ba.

Biyun nan su suka tsaya wa Dogo a rai.

Wata rana Shirwa ta sauka a wani reshe kusa da sheƙarsa.

"Sannu da kwanci, uban 'ya'ya. Bana nawa aka samu?"

"Goma sha ɗaya," in ji Dogo, bai ko ɗaga kai ba.

"Ashe tara."

"Kunnenki ya toshe ne? Na ce goma sha ɗaya."

"Ni kuma na ce tara. Tsohuwa na nan tafe. Za ta taɓa ka da sanda, ka miƙe tsaye kamar ɗan makaranta, ta zaɓi masu kyau ta tafi. Wallahi ina jin kunya idan na hango ka daga sama. Duk wannan tsawo, duk wannan ƙafa, a ce 'yar tsohuwar da iska ke kaɗawa ce ke ce maka tashi ka tashi?"

Gashin wuyan Dogo ya miƙe.

Kada ku ɗauka tausayinsa Shirwa take ji. Abincinta shi ne fara da ƙadangaru da ɓeraye masu gudun wuta. Wutar Nangala kuwa ba ta korar kowa da gudu, sai dai Shirwa ta sami 'yar fara ɗaya biyu ta lasa. Abin da take mafarki shi ne gobara, babba, wadda za ta tashi daji duka a yini guda.

Damo yana kan dutse yana shan hantsi, duk ya ji su.

"Dogo, ka bar matar nan ta yi aikinta."

"Ji mai magana! Kai mutanen nan ba sa cin danginka?"

"Suna ci. Sun ci kawuna, ina kallo suka gasa shi, har suna yaba kitsensa. Ba ƙaunarta nake ba. Amma ni na ga shekarun da aka hana su sa wuta. Kai lokacin ko ƙwai ba ka zama ba."

"To me ya faru?"

"Abin da ya faru shi ne gobara ta tashi, na fito daga rami ban sami wanda zan yi wa baƙar magana ba."

Shirwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba Damo, tsufa ya sa kana jin tsoron inuwarka. Kai da ƙasa ka saba, me ka sani game da manya masu dogon wuya?"

"Na san wuyan ya yi nisa da ƙwaƙwalwa," in ji Damo. Ya sulale ya shige raminsa.

Bayan kwana kaɗan Nangala ta fito. Ta yi sallama a bakin daji kamar kullum. A ranar ba ta riga ta sa wuta ko'ina ba, ta ce bari ta fara duba inda masu kwanci suke. Ta iso wurin Dogo tana 'yar waƙarta.

"Ɗan'uwana, an wuni lafiya? Ɗan tashi in gani."

Ta taɓa shi da sanda. Dogo ya tashi. Ta sunkuya ta miƙa hannu.

Shirwa ta yi kuka daga sama: "Tara! Tara!"

Dogo ya ɗaga ƙafa ya sakar wa tsohuwa shuri a ƙugu.

Ta faɗi. Ba ta yi ihu ba. Ɓawon wutar ya faɗa a ƙasa mai lema ya mutu. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya ɗaga mata hannu. Sai da rana ta karkata jikanyarta ta biyo sawu ta same ta. Aka ɗauke ta a mota zuwa asibitin birni, tafiya mai nisa.

A shekarar nan ba a ƙona ko taku ɗaya ba.

Ƙwai suka ƙyanƙyashe, duka goma sha ɗaya, 'yan tsaki masu zane fari da baƙi a gadon baya. Zo ka ga Dogo! Yana gaba suna biye, duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya ya ƙirga masa su. Har ƙofar ramin Damo ya kai su.

"Tsoho, fito ka ƙirga. Ko lissafin ma ya gagare ka?"

Damo ya leƙo. Bai dubi 'yan tsakin ba, gambar da ke bayansu ya duba. Ta fi Dogo tsawo, ta bushe ƙayau, iska na taɓa ta tana ƙara.

"Na gani. Allah ya raya. Yanzu ka kwashe su ka koma bakin rafi tun da sauran lokaci."

"In bar ƙasata in koma cikin taɓo da kwaɗi?"

"To zauna. Itace ma a murhu yake zama."

Rani ya yi nisa. Zafi ya sauko kamar ana zuba shi da kwano, iska mai zafi ta taso daga kudu. Shirwa ma ta ƙyanƙyashe nata 'ya'yan a ƙolin bishiya, bakuna a buɗe kullum. Ta dubi daji daga sama, ta ga ciyawa a haɗe tun daga bayan gari har bakin rafi, babu faci ko ɗaya. Miyau ya tsinke mata.

Shirwar ƙasar nan tana da wata dabara: ta iya ɗaukar itace mai wuta da ƙafa. Da tsakar rana ta je gefen gari inda mata suka gasa nama suka tashi, ta sure wani ɗan bakin wuta, ta kai tsakiyar gamba ta saki.

Yara, wutar gamba a ƙarshen rani ba irin wadda kuka sani ba ce. Ba tafiya take ba, tsalle take. Kafin bakin wutar ya gama faɗuwa, ta riga ta miƙe ta fi soro tsawo, tana ruri kamar babbar mota. Rana ta koma ja. Fara ta tashi kamar hadari.

"Yau ake biki!" in ji Shirwa. Tana sura, tana haɗiya, tana sura.

Dogo yana kiwo da 'ya'yansa ya ji ƙarar. Ya ɗaga dogon wuyan nan ya hango.

"Ku biyo ni! Maza!"

Ya nufi dutse mai rumfa, don duk shekara akwai faffaɗan fili a gabansa, ƙonanne, mai ɗan toho, inda kowa ke tsayawa idan wuta ta tashi. Bai taɓa tambayar wanda ke share filin ba. Ya ɗauka haka Allah ya yi wurin.

Ya iso ya tarar da gamba har bakin dutse.

Damo ya leƙo daga rami, hayaƙi na shiga idonsa. "Turo su nan! Ramin zai ɗauki wasu. Yi sauri!"

Dogo ya tsaya. Ya dubi bakin Damo, ya dubi 'ya'yansa.

"Wasu? Nawa za ka maido mini? Na san irinku. Kowa idonsa a kan nawa yake."

"Kai wawa, wuta ce a bayanka!"

"Ba mai rage mini ko ɗaya. Ku taho, mu yi rafi!"

Suka juya. Shi Dogo idan ya miƙe ƙafa ko doki sai ya yi da gaske. Amma 'yan tsaki ƙafarsu ba ta fi tsinke ba, ga ciyawa ta sarƙe, ba hanya.

"Baba, jira mu!"

Ya dawo. Ya buɗe fukafukansa zai rufe su. A ranar ya san fukafukan nasa ba su fi tafin hannu ba. Wuta ta lashi gashin bayansa. Zafi ya shiga ƙashinsa. Ƙafafun da yake taƙama da su suka yanke shawara ba su tambaye shi ba.

"Baba! Baba!"

Sai da ya ji ruwa a gwiwarsa ya tsaya. Ya juya zai ƙirga. Babu abin ƙirgawa.

Ita kuwa Shirwa ta ci har ta kasa tashi sama sosai. Tana cikin haka iska ta juya. Wutar Nangala ba ta taɓa hawa bishiya ba, shi ya sa Shirwa ba ta taɓa tunanin wuta na hawa ba. Ta gamba kuwa ta kama bishiyar turare tun daga gindi, ta haye kamar mai bin tsani, ganyen na fashewa. Shirwa ta yi ta kewaya ƙolin, da fara a bakinta, har reshen da sheƙar take ya karye.

Da wuta ta ci ta ƙoshi, su ukun suka haɗu a gaban dutse. Ko'ina baƙi. Bishiyoyi sun zama gawayi a tsaye. Rumfar dutsen ta tsage don zafi, ɓawonta ya zubo, tafukan hannuwan nan da suka fi kowa daɗewa a ƙasar suna ƙasa a farfashe.

"Ke kika kashe mini 'ya'ya!" in ji Dogo.

"Ni na ce ka shuri tsohuwa? Ni magana kawai na yi. Ƙafar ta wane ce?"

"Wutar ta wace ce?"

"Da ka bar ta ta ƙona facinta, ai da wutata ta mutu a faci na farko! Ni ma fa nawa sun tafi!"

"Naki nawa? Ni goma sha ɗaya!"

Damo ya fito, bakin wutsiyarsa a ƙone. "Har yanzu ƙirga kake, Dogo? Bari in taya ka. Da, biyu ake ɗauka a bar maka tara. Bana ka hana biyu. Nawa ke hannunka?"

Ya juya ya nuna raminsa da kai.

"Ramina ya ɗauki ɓeraye da ƙadangaru, har da macijin da ba ma ga-maciji da shi. Duk sun fita da ransu. Da sauran wuri."

Dogo ya sauke wuyansa har baki ya taɓa toka.

Aka sha yunwa a sauran ranin nan. Shirwa ta yi biki na yini guda, ta yi wata da watanni ba ta ga fara ba. Da damina ta sauka, bishiyoyi da yawa ba su farfaɗo ba. Abin da ya fara tsirowa, kore shar, da ƙarfinsa, gamba ce.

Damina ta ɗauke. Wata macen ta zuba wa Dogo ƙwai ta kama gabanta. Bai gaya wa kowa adadinsu ba. Da ciyawa ta fara rawaya, sai ya tashi da kansa, ba wanda ya taɓa shi da sanda. Ya zaɓi biyu mafiya kyau, ya dinga mirgina su da baki a hankali har bakin hanyar da ta fito daga gari. Ya ajiye su inda mai wucewa zai gani, ya koma ya kwanta yana sauraron sallama.

Shiru.

Kashegari ya aika Damo. "Baba Damo, don Allah, kai da kake zuwa gefen gari. Ka jiyo mini yaushe za ta fito."

Karon farko ke nan da ya ce masa Baba. Damo ya tafi. Ya daɗe bai dawo ba.

"Ka gan ta?"

"Na ga sandarta a jingine a ƙofar ɗaki. Na ga jikanyarta. Na laɓe a ƙarƙashin famfo na saurari hirar mata tun hantsi har la'asar."

"Me suka ce game da Nangala?"

"Ba su ce komai ba. Ko sau ɗaya ba a kira sunan ba. In magana ta biyo ta kanta sai su ce 'tsohuwar nan', su yi shiru." Damo ya dubi ƙasa. "Mutanen nan ba sa kiran sunan wanda ya mutu, Dogo. Kai ma daga yau ka daina."

Ni ma daga nan ba zan sake kiran sunan ba.

"Jikanyar fa? Ba za ta zo ba?"

"Na ga ta ɗauki sandar ta zo har bakin daji. Ta tsaya ta daɗe. Ba ta san daga ina ake farawa ba. A shekarar da za a nuna mata ne ka ɗaga ƙafa."

Shirwa tana kan wani ƙonannen kututture, ta rame, duk ƙashi. Ta ce a hankali, "Ni fa na iya ɗaukar wuta. Ko in gwada?"

"Ɗauka kin iya," in ji Damo. "Ajiyewa ce ba ki iya ba."

Ƙwai biyun nan suka yi ta zama a bakin hanya, rana na dukan su, har wani karen daji ya zo wucewa ya fasa su ya lashe. Dogo yana kallo daga kan sheƙarsa, bai motsa ba. A bayansa gamba na ƙara tsawo, tana bushewa.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka ɗaga ƙafa a kan mai ɗaukar ɗan abu a wurinka, ka tsaya ka duba abin da yake tsare maka wanda ba ka taɓa ƙirgawa ba. Kada kuma ka saurari mai zuga ka alhali cikinsa yake yi wa aiki. Sannan idan akwai tsoho a gidanku da ya san wani abu, ku je ku koya tun yana iya nuna muku, don ranar da kuka shirya ba lalle ne ku same shi ba. Ni dai na faɗa muku. In kun ga dama ku yi mini irin abin da Dogo ya yi wa Damo, ai na ce na saba.